Jaririn da Ya Zo da Sunansa

A shekarun da aka yanke Jigawa daga Kano, lokacin da manyan motoci ke ta wucewa da siminti da kwanon rufi, wani mai gyaran rediyo ya sauka a Birnin Kudu da akwatin kayan aikinsa. Sunansa Mark, mutumin Filato ne, amma Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Ya kama shago a bakin titi. Da ya ɗan samu gindin zama sai ya je Kano ya dawo da wata 'yar baƙar na'ura da ake jona wa talabijin, tana da abin latsawa guda biyu masu doguwar waya. Na'urar gem ake ce mata. Abin latsawar kuwa ba wanda ya wahalar da harshensa a kansa, hannu kawai aka sa masa.

Kaset ɗin da ya tara jama'a na faɗa ne. Mutum biyu za su zauna a benci, kowa ya zaɓi ɗan dambensa a cikin talabijin, a yi ta gwabzawa har jinin ɗaya ya ƙare. Jinin nan wasu layuka ne biyu a saman allon, na hagu na wanda ya zauna a hagu, na dama na wanda ya zauna a dama, kuma duk dukan da aka sha layin yana raguwa. Turmi uku ake yi kamar a filin dambe. Sunayen 'yan damben ba sa faɗuwa a baki, don haka aka sake musu. Akwai Mahauci, akwai Baturiya, akwai Tsoho Mai Goro. Akwai kuma Mai Amawali, wanda ya naɗe fuskarsa sai idanu kaɗai, wanda kan nitse cikin ƙasa ya ɓullo a bayan abokin karawarsa.

Mai Amawali na Ɗanbala ne, kuma gefen hagu na bencin na Ɗanbala ne. Shi mai facin taya ne, rumfarsa na kallon shagon Mark ta ɗaya tsallaken titi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, manyan yatsunsa sun yi kanta saboda murza roba. Tun ranar da ya fara riƙe hannu aka san an samu mai gidan. Dokar wurin ita ce wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi, to shi Ɗanbala sai kiran salla ke tayar da shi.

Shi ya kawo al'adar haihuwa. In aka cinye mutum a turmin ƙarshe bai ko taɓa abokin karawarsa ba, sai a ce an haife shi. Wanda ya haifa kuwa shi ke da ikon raɗa suna. Ɗanbala yana da yadda yake yin nasa. In ya ga saura duka ɗaya, sai ya ajiye hannun a kan benci, ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannuwansa biyu sama har surutu ya lafa, ya faɗi sunan da ƙarfi, sannan ya koma ya zauna ya ƙarasa aikin. Sunan ba ya faɗuwa daga kan mutum sai ranar da shi ma ya haifi wanda ya furta shi.

Ikrima tela ya zama Gwangwani, don ƙararsa ta fi amfaninsa. Maikuɗi ɗan kamasho ya zama Amarya, saboda yadda ya sunkuyar da kai ranar. Shi kansa Mark mai na'urar bai tsira ba, ya zama Mataccen Batir, daga baya aka taƙaita ya koma Batir, har matarsa Veronica ta taɓa jin wani yaro ya tambaye ta ko Batir yana ciki. Sunayen ba su tsaya a shago ba. Sun bi mutane tasha, sun bi su ɗaurin aure, sun bi su har sahun masallaci. Mutum ɗaya ne a bencin nan ake kira da sunan da ubansa ya yanka masa rago, kuma Ɗanbala ya fi ƙaunar wannan abu a kan rumfar facinsa.

Akwai doka ta biyu, ita ma shi ya kafa ta: ba a tagwaye. Mutum biyu ba za su zaɓi ɗan dambe ɗaya ba. Na'urar ta yarda da haka, in an yi sai ta sa wa ɗaya jajayen kaya ta sa wa ɗaya koraye. Amma Ɗanbala ya ce rashin kunya ce mutum ya zauna yana dukan kansa, kuma da yake bakinsa ne doka, aka bi. Samarin da suka koyi gem daga baya sun ɗauka da dokar aka ƙera na'urar.

Gaskiyar maganar ita ce ja da kore abu ɗaya ne a idon Ɗanbala. Ya san shuɗin sama, ya san ruwan ɗorawa, amma nunannen tumatir da ɗanyensa duka wani launi ne guda mai kama da ƙasar da ta sha yayyafi. Yana yaro a fadamar Sundimina ubansa ya sha zane shi a kan tsinkar ɗanye, yana ce masa mugunta ce. Da ya girma ya zaɓi sana'ar da komai nata baƙi ne. Matarsa Safiyatu ta lura, sai ta riƙa ware masa hula da riga ba tare da ta ce komai ba. Mark ma ya taɓa cewa ya miƙo masa jar waya ya miƙa masa koriya. Mark ya dube shi, ya dubi wayar, ya miƙa hannu ya ɗauki wadda yake so da kansa. Ba su taɓa tayar da zancen ba.

Cikin waɗanda Ɗanbala ya haifa, wanda sunan ya fi cin ransa shi ne Iliyasu, mai sayar da kayan miya a kasuwa. Dogo ne siriri marar magana, yakan daɗe a tsaye a bayan benci yana kallo kafin layi ya zo kansa. Ranar da aka haife shi ɗan dambensa bai iya tashi daga ƙasa ba, da ya yunƙura sai a share masa ƙafa. Ɗanbala ya miƙe ya ɗaga hannuwa.

"Jama'a, mun samu abin shimfiɗa. Daga yau sunansa Tabarma!"

A lokacin Iliyasu yana neman wata yarinya, Zahara'u, a Unguwar Ya. Da ya je zance a makon nan, ƙaninta ya shiga gida da gudu yana cewa a fito da tabarma, Tabarma ya zo. Ita ma ta yi dariyar, ta rufe baki da mayafi amma kafaɗunta suna rawa. Bai sake komawa ba.

Bayan wannan ne wata rana Safiyatu ta aiki Ɗanbala kasuwa ya sayo mata jan attarugu. Ya tsaya a gaban Iliyasu, don ba ya son damar tsokana ta wuce shi.

"Tabarma, a ina aka shimfiɗa ka yau?"

"Ga ni nan, Malam Ɗanbala."

"Ba ni ja, na gidana ne. Kar ka zuba min irin wanda kake zuba wa 'yan ƙauye."

"Zaɓi da hannunka," in ji Iliyasu, ya tura masa faifan.

Ɗanbala ya tsuguna yana zaɓa yana ba maƙwabtan rumfar labarin yadda aka yi haihuwar. Ya zaɓi manya masu sheƙi. Iliyasu bai sa baki a labarin ba, idonsa na kan yatsun da ke ɗaukar attarugun. Ya ƙulle masa, ya miƙa masa da hannu biyu. A gida Safiyatu ta kwance ƙullin, ta ware kusan rabinsa gefe ɗaya ta ce waɗannan sai sun kwana biyu. Bayan 'yan watanni aka ji Iliyasu ya kwashe kayansa ya koma wajen dangin uwarsa a Maruta, yana cin kasuwar Gwaram.

Shekaru suka ɗan shuɗe. Gem ya yaɗu, har aka ji wani Gerald mai sayar da magani a Gwaram ya kafa tasa na'urar, da talabijin babba, da rumfar kwano a bayan shagonsa. Su ma can sun ɗauki haihuwa da raɗin suna, sun ɗauki turmi uku. Wata rana direban motar Gwaram ya tsaya facin taya ya isar da saƙo.

"Mutanenmu sun ce a gaishe ka. Sun ce sun ji ana cewa ba a taɓa raɗa maka suna ba, sun kuma tanadi rago."

"Waye gwaninsu?"

"Ɗanka ne ai. Tabarma."

Ɗanbala ya yi dariya har ya saki tayar ta gangara. Aka sa ranar Asabar.

Da yammacin Juma'a Mark ya tsallako titi ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya daɗe yana kallon bokitin ruwan da ake neman huji a ciki.

"Ɗanbala, ka san kowane gida da dokarsa."

"Ni na fara faɗar haka."

"Na ji a can suna yin tagwaye."

Ɗanbala bai ɗago ba. Ya ci gaba da juya robar a cikin ruwa, amma ya wuce wurin da kumfa ke fita bai gani ba.

"In ka ce zazzaɓi ya kama ka, ni zan shaida," in ji Mark.

"Batir, kai da ba ka da caji, kai za ka ba ni shawara? Tashi ka je ka gyara rediyon mutane."

Mark ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa, ya tsallaka.

Ranar Asabar suka cika mota guda. Damina ta ja baya, gero ya yi kai a gefen hanya, duwatsu sun yi wanka sun yi fes. Ikrima da Maikuɗi suna ta yi wa Ɗanbala kirari, yana amsa musu da Gwangwani da Amarya, suna dariya kamar yadda suka saba. Shi kuwa a ransa lissafi yake yi. In ma an yi tagwayen, shi ne na hagu. Ba zai nitse ba, ba zai tsallake kan kowa ba, zai tsaya a gefensa ya yi dambe da ƙafa da hannu. Tabarma ne fa. Ko da ido a rufe ya ishe shi.

Bayan la'asar rumfar Gerald ta cika har wasu suka hau katanga. Gerald, wani mai tumbi da fara'a, ya ba baƙo gefen hagu don girmamawa. Iliyasu ya fito daga cikin jama'a. Ya ɗan yi jiki, ya tara gemu. Ya rusuna.

"Baba, sannu da hanya."

"Ɗana na kaina. An kakkaɓe ka kuwa? Na ga ka yi ƙura."

'Yan Birnin Kudu suka kwashe da dariya. Iliyasu ya zauna a dama. Ɗanbala ya zaɓi Mai Amawali. Iliyasu ya yi ta yawo a kan fuskokin 'yan damben, ya tsaya a kan Mahauci, ya wuce, ya tsaya a kan Baturiya har aka fara shewa, sannan ya koma ya danna Mai Amawali.

"Kai, ba a tagwaye!" in ji wani saurayi daga cikin baƙin.

"A Birnin Kudu ke nan," in ji Gerald. "Nan Gwaram ce. Ko maigidanku yana da wani dalili? In yana da shi ya faɗa, mu masu sauƙin kai ne."

Ɗanbala ya dubi allon. Mutum biyu ne a tsaye suna rausaya, tsawo ɗaya, naɗi ɗaya, launi ɗaya. Ya ji wani a baya yana cewa jan ya fi kyau, wani ya ce koren ne na gida. Ya goge tafinsa a gwiwa.

"Dalilin me? A fara."

Turmin farko ya tafi yadda ya tsara. Ya tsaya a hagu yana maimaita wa kansa cewa shi ne na hagu, ya tare, ya rama, ya ci. Iliyasu bai nitse ba ko sau ɗaya, bai yi tsalle ba, kamar ma ba ya son a wahalar da baƙo. A turmi na biyu sai abin ya canza. Iliyasu ya tsaya yana tarewa kawai, yana jira, in Ɗanbala ya miƙo hannu ya sara masa ɗaya ya koma. Mai Amawalin da ba ya nitso rabin Mai Amawali ne, kuma kowa a wurin ya san haka. Iliyasu ya ci da ɗan jinin da ya rage masa.

"Baba, yau ba ka nitso?" ya tambaya a hankali, amma yadda na kusa za su ji. "Ko ƙasar Gwaram ta yi maka tauri?"

"Tsufa ne!" in ji wani daga kan katanga.

"A kawo masa sanda!"

Kunnuwan Ɗanbala suka ɗau zafi. Tun da yake, ba a taɓa yi masa ihu daga kan katanga ba. Ana buɗe turmi na uku ya nitse.

Iliyasu ma ya nitse a daidai wannan ƙiftawar. Allon ya zama fili babu kowa. Suka ɓullo, suka sake nitsewa tare, suka ɓullo a tsakiya jiki na gugar jiki, ɗaya ya tsallake kan ɗaya. Rumfar ta ɗauki ihu. Ɗanbala ya nemi hagu ya rasa abin da hagu take nufi. Yatsansa ya yi abin da ya saba, ya danna sharar ƙafa. A allon ɗaya ya share ƙafar ɗaya, wancan ya zube.

Ajiyar zuciya ta ƙwace masa. To ga shi nan. Shi ne na tsaye.

Yana da wani jerin duka da duk wanda ya taɓa zama a shagon Mark ya haddace: sharar ƙafa, ƙulli biyu a ciki, sannan na haɓa mai ɗaga mutum sama. Maɓallan ma suna da kiɗansu a ƙarƙashin yatsansa, ƙas, ƙas-ƙas, ƙas. Ya danna, na tsayen ya yi. Ya sake dannawa, na tsayen ya sake yi. Bai taɓa jin hannu yana bin sa da sauri haka ba, kamar ɗan damben yana riga yatsan isa. Na ƙasan kuwa da ya taso sai ya miƙa ƙafa zai yi shara, kafin ta isa an riga shi, ya miƙa hannu ya kama iska, ya sake zubewa.

Ɗanbala ya sha yin alfahari cewa shi ba ya kallon jini, matsoraci ke kallon jini. Da ya ɗaga ido kaɗan da ya ga layin hagu ne yake zuba kamar an huda tulu, na dama kuwa cike yake tam. Duk wanda ke rumfar nan yana gani. Iliyasu bai ma cika kallon allon ba. Ya ɗan karkata kai zuwa hagu, kunnensa na kan yatsan maƙwabcinsa, yana riga shi da ɗan abin da bai kai numfashi ba. Shekarun da ya yi a tsaye a bayan benci ba kallo kaɗai ya yi ba.

"Tashi mana!" Ɗanbala ya daka wa na ƙasan tsawa. "Tashi ka gaida ubanka!"

Rumfar ta yi wani irin shiru na ɗan lokaci, irin na mutanen da suka gane abu ɗaya a tare. Sai muryar Maikuɗi ta fasa shi.

"Ƙara masa, maigida!"

"Kar ka raga masa!" in ji Ikrima, yana danne dariya. "Nuna musu yadda ake yi a gida!"

'Yan Gwaram suka karɓa. Aka fara tafi, aka fara buga kwanon rumfa, ana kiran sunan Ɗanbala daga kowane gefe. Ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, yau har mutanen wani gari sun sallama. Ya ɗan waiga ya hango Mark a jikin ginshiƙi, ya harɗe hannuwa. Mark ya buɗe baki kamar zai yi magana.

"Batir, kana ganin aiki?" in ji Ɗanbala.

Mark ya rufe bakinsa.

"Ku dube shi don Allah," Ɗanbala ya ci gaba, yana dannawa yana magana. "Bai san gabas ba bai san yamma ba. Wa ya kawo wannan cikin maza? Uwarsa ta san ya fito kuwa?"

Wani tsoho a gaba ya yi dariya har ya kwanta a jikin na kusa da shi. Na ƙasan ya taso yana tangaɗi. Ɗanbala ya san wannan tangaɗin, saura duka ɗaya. Ya ajiye hannun a kan benci. Ya miƙe. Ya ɗaga hannuwansa biyu sama, rumfar ta yi tsit har ana jin ƙugin injin wuta a bayan shago.

"Mutanen Gwaram, ku shaida. Tabarma ta tsufa, mun naɗe ta. Wannan jaririn da kuke gani yana miƙa hannu bai san inda yake ba, shi da zuriyarsa, daga yau sunansa Lalube!"

Hannuwansa suna sama. Yana kallon allon. Ɗan damben da yake tsaye, nasa, ya ja da baya taku biyu. Ya tsuguna, ya miƙe, ya tsuguna, ya miƙe, kamar mai gaisuwa. Ɗanbala ya dubi tafukansa, babu komai a cikinsu. Ya dubi benci, ga hannun can a ajiye wayarsa na lilo. Ɗan damben ya tako a hankali ya ɗaga na tangaɗin sama da ƙulli ɗaya.

Sai a lokacin ya kalli jini.

Abin da ya fito daga rumfar nan ya wuce dariya. Wasu suka faɗo daga katanga. Gerald ya riƙe tumbinsa yana share hawaye. Ikrima ya durƙusa yana dukan ƙasa da tafi, Maikuɗi yana tsalle yana rungumar mutanen da bai sani ba. Ɗanbala bai sauke hannuwansa ba sai da wani ya ce ya sauke, an gama addu'a.

Iliyasu ya ajiye nasa hannun, ya jira har aka ɗan lafa.

"Uba ne ke raɗa suna," ya ce. "Na ma zo da wani a raina. Amma tunda jaririn ya zo da sunansa a baki, ba zan canza masa ba."

"A sake!" in ji Ɗanbala. "A sake yanzu. Ka zaɓi wanda ka ga dama."

"Ko an sake me zai yi maka? Ka san doka, kai ka kafa ta. Suna ba ya faɗuwa sai ka haifi wanda ya furta shi. Ni ban furta komai ba, jama'a sun shaida. Je ka nemi wanda ya furta, ka haife shi."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da attarugu biyu, ya ajiye su a kan benci kusa da juna.

"Ga tsaraba, ka kai wa mai ɗakinka. Ɗaya na miyar yau ne, ɗaya sai ya kwana biyu. Ita za ta gane."

A motar komawa ba wanda ya yi wa Ɗanbala magana, amma ba wanda ya yi shiru. Labarin ake ta maimaitawa, kowa da wurin da ya fi ba shi dariya, ana kwaikwayon ɗaga hannun. Da suka tsaya shan ruwa Maikuɗi ya taɓa kafaɗarsa.

"Lalube, matsa in fita."

Ya matsa.

Labarin ya riga motar isa gida. Washegari bai buɗe rumfa ba. Da ya buɗe, direbobi suka riƙa tsayawa ba tare da tayarsu ta yi komai ba, wannan ya nuna hularsa ya tambaye shi launinta, wancan ya ce ya taya shi duba ko gyambonsa ya yi ja. A shagon Mark aka soma yin tagwaye. Gefen hagu na bencin ya zama na kowa, yau Ikrima gobe wani. Ba wanda ya ce an soke tsofaffin sunaye, amma Amarya da Gwangwani suka fara sassauci a bakin mutane, kamar an samu abin da ya fi su daɗin faɗa. Ɗanbala ya hango Mark sau da yawa ta tsallaken titi, kansa a sunkuye a kan rediyo. Ba wanda ya tsallaka.

Safiyatu ba ta taɓa ambatar sunan ba. Amma ta daina zuwa gidan biki, kuma ya ji maƙwabciyarsu Mairama ta leƙo tana tambaya ko matar Lalube tana da aron turmi.

Wata yamma yana zaune a tsakar gida yana wanke baƙin roba daga yatsunsa, 'yarsa Nasiha ta shigo. Ba ta daɗe da fara zuwa makarantar allo ba. Ta tsaya a gabansa, hannuwanta biyu a baya, tana murmushin yaron da aka ba saƙo mai muhimmanci. Ta fito da su. Tumatir ne ɗaya a kowane tafi.

"Baba, wanne ne ja?"

Ya ji motsi a bayan zana, da ƙus-ƙus na yara masu danne dariya. Ya dubi tumatir ɗin. Girmansu ɗaya, sheƙinsu ɗaya. Da ya taɓa su da ya gane mai laushin, amma ta riƙe su nesa da shi, yadda aka koya mata. Fuskarta babu mugunta ko kaɗan, jira kawai take yi.

"Wa ya ba ki?"

"Ka faɗa mana, Baba."

Safiyatu ta fito daga madafa da muciya a hannu ta tsaya cak. Ya ga tana ƙoƙarin nuna masa da ido, sai ya kawar da kai daga gare ta. Ya ɗaga yatsansa mai kanta, ya riƙe shi a tsakanin tafukan biyu. Sannan ya nuna na hagu.

Yaran bayan zana suka fashe da ihu suka watse cikin lungu suna rera sunan. Nasiha ta bi su da gudu tana dariya, tumatir ɗin na hannunta. Ɗanbala ya zauna da yatsa a miƙe. Ya so ya tambayi Safiyatu ko ya dace, amma ta riga ta koma madafa.